Galadima Tunau a Bayan Ganuwa

A zamanin Sarki Cindo ɗan Barmo, wanda ya ci sarautar birnin Tarfa da sauran ƙuruciyarsa, aka yi wata damina mai albarka wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Gero ya nuna, dawa ta sunkuyar da kai, amma ba a sami mai girbe su ba. Sarkin Kandala, wanda ake yi wa laƙabi da Maitoka saboda abin da yakan bari a duk garin da ya bi ta kansa, ya taso daga arewa da rundunar da in ta sauka bakin tafki sai ta tashi ta bar laka.

Da hantsi manzo ya iso daga Kurna, garin da ke tsare iyakar arewa. Ba rawani, ba takalmi, jini ya manne masa riga a kafaɗa. Dogarai suka riƙo shi har gaban Sarki, ya zube.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Kurna ta ci wuta. Sarkin Kurna ya faɗi a bakin ƙofarsa, an kora mata da yara kamar tumaki. Dawakin Maitoka suna kiwo cikin dawarmu, nan kuma suka sa gaba."

Sarki ya sa a buga tambari a tara mayaƙa. Bugun farko fatar tambarin ta tsage daga baki zuwa baki. Can cikin taron da ke ƙofar fada wani ya ce, "Asirin Gilmawa ne," kafin a jima maganar ta zaga birni.

Galadima Tunau yana zaune dama da Sarki, ya ji, ya gyaɗa kai. Bai tsaya tambayar abin da ya haɗa Gilmawa, mutanen duwatsun kudu, da yaƙin da ya taso daga arewa ba. A Tarfa in rijiya ta ƙafe, Gilmawa ne. In annoba ta shiga garke, Gilmawa ne. Harshensu ɗaya da Tarfawa, karin ne kawai ya bambanta, amma tun zamanin kakanni ba a yi shekarar da jini bai zuba tsakaninsu ba. Tarfawa suna kiran su kunamun dutse. Sukan ce Bagilme ba ya kallon mutum ido da ido, ba ya harbi sai daga ɓoye, rantsuwarsa ba ta kaiwa faɗuwar rana. Duk birnin kuwa ba wanda ya kai Galadima riƙo da wannan magana. Kibiyar Gilma ce ta kashe ƙanensa Jatau suna samari, shi kuma da ya yi ƙarfi ya hau dutsen da runduna ya ƙone musu rumbuna a tsakiyar rani. Yanzu gemunsa ya yi fari, amma ko sunan Gilma aka ambata sai ya tofar da yawu.

Aka rufe zauren shawara. Ƙaura Dambo, shugaban mayaƙan doki, shi ya fara magana.

"Zaki, ba zan ɓoye maka ba. Ganuwa za ta tsare mu daga mashi, ba za ta tsare mu daga yunwa ba. Tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo yana gona, dawakin abokin gaba na ci. In mun zauna ciki mu mutu da kaɗan kaɗan. In mun fita fili mu kaɗai, su haɗiye mu kafin azahar."

"To, mene ne shawararka, Ƙaura?"

"Mu fita mu mutu a kan dawakinmu, Allah ya ba ka nasara. Ya fi a tarar da mu kwance."

Sai Magajiya Yalwa, gwaggon Sarki, wadda ita kaɗai ce mace mai kujera a zauren, ta gyara zama.

"Zaki, akwai bakuna a ƙasar nan da ba ku sa cikin lissafi ba. Maharban Gilma. Maitoka zai sauka a filin yamma, bayansa na kallon Tudun Maƙera. In Gilmawa suka sauko masa ta baya, Ƙaura ya fito masa ta gaba, ko giwa ce sai ta durƙusa."

Zaure ya kaure da hayaniya. Galadima ya miƙe, abin da bai saba yi a gaban Sarki ba.

"Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ba Magajiya haƙuri. Na fi kowa a zauren nan sanin mutanen da ake magana. Kakanninmu sun je Rafin Gawo ƙulla amana da su, hannu sake, Gilmawa suka ɓoye wuƙaƙe cikin tulunan zuma suka yanka su a kan tabarmar sulhu. Wannan jinin ne a jikin 'ya'yansu. Bagilme in ya yi maka dariya, yana duba inda zai sa dafi ne. In ka ga yana kuka, dabara ce. Ko jini ka ga yana zubarwa, ka ja baya, dabara ce. Gara Maitoka, shi a fili ya zo."

Fadawa suka amsa wa Galadima da kirarin sarautarsa, "Gaskiya ne, Daudu!" Ƙaura ya buga ƙasa da gindin mashinsa.

Sarki Cindo ya dubi Galadima. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Na ji, Baba Galadima. Kai za ka tafi Gilma."

"Ni, Zaki?"

"Kai. In na aiki mai sassauci, birni zai ce an saye shi. In na aiki ƙaramin bafade, Gilmawa za su ce raini ne. Kai kuwa ba mai cewa kana ƙaunarsu, su ma sun san sunanka. Ka ce musu in Tarfa ta faɗi, dutsensu ne a gaba. In sun yarda, su tada hayaƙi a kan Tudun Maƙera. Da mun ga hayaƙi za a buɗe Ƙofar Yamma, Ƙaura ya fito da dawaki duka. Ƙaura, ka ji?"

Ƙaura ya dubi ƙasa. "Na ji, Zaki."

Galadima ya so ya ce a sare kansa ya fi masa sauƙi. Sai ya tuna wannan yaron a kan cinyarsa aka yi masa askin suna, ga shi yau yana roƙonsa da idanu alhali bakinsa na ba da umarni. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita.

Ya bar birni ta Ƙofar Kudu ana ta shigo da mutanen ƙauye da awakinsu. Kafin ya kai gindin duwatsu, ya waiga ya ga rundunar Kandala ta fara zagaye ganuwa kamar tururuwa ta sami ƙashi.

Maharba suka tare shi a mashigin dutse, suka karɓe dokinsa da takobinsa, suka sa shi gaba. Rabonsa da wannan hanya tun ranar da ya hau ta da wuta, ranar kuwa bai kalli komai ba sai rumbuna. Yau ya ga gonaki an jera su hawa hawa da duwatsu, ya ga marina, ya ga maƙera na hura zugazugi. Ya ce a ransa, daga bayinmu da suka gudu suka koya. Ya ga wani tsoho yana saƙa a inuwa yana yi wa jikarsa wasa. Ya kau da kai.

Da suka shiga gari wata mace ta ƙwalla ihu, "Ku shige ɗaki, ga kura mai rawani!" Yara suka watse. Ƙishirwa ta dame shi, ya roƙi ruwa. Wata tsohuwa ta kawo a ƙwarya. Ya karɓa ya tsaya yana duban ruwan. Ta fizge, ta kurɓa a gabansa, ta mayar masa. Da ya sha ya miƙa mata, sai ta fyaɗa ƙwaryar da dutse ta tarwatse. Galadima ya dubi sakainar. Haka ake yi a gidansa in an ba kamammen Bagilme ruwa.

Majalisar Gilma a ƙarƙashin wata tsamiya take zama. Sarkin Dutse Ranau tsoho ne tukuf, ana riƙe shi in zai tashi. Dama da shi Sarkin Baka Nomau, shugaban maharba, dogo marar yawan magana. Hagu kuma Jarmai Bagudu, ƙaƙƙarfa mai tabon ƙuna a wuya. Galadima ya isar da saƙo a tsaye, bai rage ba bai ƙara ba.

Bagudu ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, ka ji ikon Allah. Wanda ya ƙone abincinmu shi aka aiko neman bakunanmu. Wannan tabon na wuyana, a rumbun ubana na same shi. A waccan shekarar mun binne yara har muka gaji da haƙa. Kai Galadima, ka zo ba da haƙuri ne?"

"Ban zo ba da haƙuri ba. Kibiyarku ta kashe ɗan'uwana. Saƙon Sarki na kawo."

"Madalla, ko ba komai ba ka yi ƙarya ba, abin mamaki a bakin Batarfe." Bagudu ya juya ga Sarkin Dutse. "Ranka ya daɗe, mun san mutanen nan. Batarfe in ya yi maka murmushi, yana auna wuyanka ne. Ba shi da zuciya sai a kan doki ko a bayan ganuwa. Rantsuwarsa ba ta kaiwa faɗuwar rana. Kakanninmu sun sauka Rafin Gawo da zuma a tulu, kyautar sulhu, ashe an ɓoye dawaki cikin kyauro. Aka tattake su a kan tabarma. Wannan jinin ne a jikin 'ya'yansu."

"Ƙarya ne!" Galadima ya daka tsawa. "Wuƙaƙe ne a tulunan!"

"Kana wurin?" in ji Sarkin Dutse, a hankali.

"Kakana ya faɗa mini."

"Ni ma kakana ya faɗa mini. Shi ma bai je ba, yana goye a lokacin."

Galadima ya koma gefe. Ba musun ne ya dame shi ba. Jawabin Bagudu ne, don in an cire sunan Tarfa an sa na Gilma, nasa ne na zauren shawara, kusan kalma da kalma.

Bagudu ya ci gaba. "Shawarata, mu aika wa Maitoka da zuma da fatu, mu ce mu nasa ne. Ya cinye kurayen, mu huta."

Sai a nan Sarkin Baka Nomau ya yi magana. "Ranka ya daɗe, ban fi Jarmai son Tarfawa ba, 'yata na cikin waɗanda aka binne shekarar yunwa. Amma na bi sawun Maitoka na ga garuruwan da suka kai masa kyauta. Ya karɓi kyautar, ya karɓi masu kawowa. Tarfawa sun yi shekaru suna cizon mu ba su iya haɗiye mu ba. Wannan haɗiya yake yi. In za a yi yaƙin, gara a yi shi a gonar Tarfa da a yi shi a ƙofar ɗakunanmu."

Aka daɗe ana ja-in-ja. Daga ƙarshe Sarkin Dutse ya ɗaga sandarsa.

"Galadiman Tarfa, in mun tada hayaƙi ƙofa ba ta buɗe ba fa?"

"Za ta buɗe. Sarki ya faɗa a gaban majalisa."

"In ba ta buɗe ba?"

"Ina cikinku. Wuyana naku ne."

"To, Nomau, ka ɗauki maharba. Bagudu, ka bi shi. A mayar wa baƙo takobinsa."

Suka bi ta hanyoyin da doki ba ya bi, Galadima a ƙasa kamar kowa, ƙafafunsa suka farfashe. Nomau ya ga yana ɗingishi, ya yanke masa sanda. Galadima ya karɓa, ya daɗe yana neman dabarar da ke cikin wannan sanda bai samu ba.

Rana ta ɗaga lokacin da suka kwanta cikin duwatsun Tudun Maƙera. Daga nan ana ganin komai. Ga sansanin Kandala ya cika filin yamma, bukkoki da turakun dawaki har inda ido ya tsaya, duk sun ba tudun baya. Ga birnin Tarfa can gaba, kawunan mutane sun yi baƙi a kan ganuwa. Ga Ƙofar Yamma a rufe.

Aka tara ɗanyen ganye aka sa wuta. Hayaƙi ya miƙe sama, fari, mai kauri, wanda ko mai hakiya zai gani. Maharba suka ɗana kibau, kowa ido a kan ƙofa.

Ƙofa ba ta motsa ba.

Galadima ya ce, "Dawaki ake jerawa. Ku ba su lokaci."

Aka ƙara ganye. Inuwar duwatsu ta gajarta. Ƙofa tana nan yadda take.

Galadima ba ya bukatar manzo ya gaya masa abin da ake faɗi a bayan wannan ƙofa. Yana jin muryar Ƙaura kamar a kunnensa: Zaki, hayaƙi ba jini ba ne, kowa na iya tada hayaƙi. Wa ya sani ko sun haɗa baki da Maitoka, mu fito su rufe mu a tsakiya? Su fara saukowa mu gani. Ya san haka ake faɗi, don da shi ne a ciki, da shi zai fara faɗa, kuma da ya fi Ƙaura iya tsara ta.

Bagudu ya matso. "Sarkin Baka, ka gani da idonka. So suke mu sauka Maitoka ya gaji da yankanmu, sannan su fito su tsinci nasara. Abokan gaba biyu a rana ɗaya. Mu karɓi wuyan tsohon nan mu koma gida."

A ƙasa, sansanin Kandala ya fara motsi. Sun ga hayaƙin. Wasu barade suna ɗaura sirdi suna nuna tudun.

Galadima Tunau, wanda bai taɓa durƙusa wa kowa ba sai Sarkin Tarfa, ya durƙusa a gaban Nomau. Ya warware rawaninsa ya ajiye a ƙasa.

"Sarkin Baka, ka saurare ni don Allah. Ba makirci ba ne, tsoro ne. Suna tsoronku kamar yadda kuke tsoronsu. Suna jira su ga kun taɓa Maitoka. Da kibiyarku ta farko ta faɗa sansanin nan, ƙofa za ta buɗe. Akwai mata da jarirai a birnin nan da ba su taɓa ganin Bagilme ba balle su cuce shi."

Nomau ya dube shi. "Wato roƙonka mu zubar da jininmu, don mutanenka su yarda mu ma mutane ne."

"Shi nake roƙo."

"Da mu ne a ciki kai ne a kan tudu, za ka sauka?"

Galadima ya ce, "Da ban sauka ba. Amma yau zan shiga gaba, ku biyo bayana."

Nomau ya dubi baraden da suka fara zagayowa gindin tudun, ya dubi ƙofa, ya dubi tsohon da ke durƙushe ba rawani. Ya sa ƙaho a baki ya busa.

Gilmawa suka gangaro kamar ruwan dutse. Kibau suka rufe rana, masu tsaron bayan sansani suka zube kafin su san daga ina. Aka yanke turaku, dawaki suka ɓalle suna tattake masu su, aka cinna wa bukkoki wuta. Galadima yana gaba, kai ba rawani, yana sara da hannun da ya manta ya tsufa, yana kiran sunan Tarfa a tsakiyar mutanen Gilma. Sansanin Kandala ya rikice, tutoci suka karkata, har laimar Maitoka aka ga ta ja baya. Da a wannan lokaci dawakin Tarfa suka fito, da an gama da Kandala kafin la'asar.

Galadima yana sara yana waiwayen ƙofa. A rufe take.

Maitoka ba yaro ba ne a yaƙi. Da ya ga birni bai motsa ba, sai ya janye dukan baraden da ya jera suna fuskantar ƙofa, ya juyo da su. Masu lifidi suka shiga tsakanin Gilmawa da tudun, suka yanke musu hanyar gida. Maharbi a fili, kwarinsa ya kusa ƙarewa, ba abin da zai yi da doki mai lifidi. Aka fara tattake su. Ba sauran wurin ja da baya sai wuri ɗaya, gindin ganuwar Tarfa. Nomau ya tattara waɗanda suka rage, suna harbi suna ja, suna jan masu rauni, har bayansu ya taɓa Ƙofar Yamma.

Galadima ya dinga dukan ƙofar da gindin takobi.

"Ku buɗe! Ni ne Tunau! Ku buɗe, mutanen nan sun cika alkawari!"

Ƙaura Dambo ya leƙo daga saman ƙofa, cikin sulke, maharban birni na gefensa.

"Daudu, muna ganinka. Allah ya sa ba a shayar da kai wani abu ba."

"Ƙaura, ba ka da ido ne? Dubi gawarwakinsu daga nan har tudu! Ina Sarki?"

"Sarki na fada, ni ya damƙa wa ƙofa. Ya aiko a buɗe, na aika masa da abin da idona ya gani. Duk faɗin filin nan, Daudu, me ya sa ba a koro su ko'ina ba sai daidai bakin ƙofa? In na zare sakata su shigo, Kandala na bin diddiginsu. Shirin ke nan tun farko."

"Wane shiri ne mutum zai ba da rabin 'yan'uwansa?"

"Kai ka gaya mana a gaban Sarki. Ka ce ko jini muka ga suna zubarwa, mu ja baya."

Galadima ya ja da baya daga ƙofar. Ya ɗaga kai ya dubi fuskokin da ke kan ganuwa. Ya san su. Wasu shi ya koya musu riƙon mashi, a zaurensa suka ji labarin Rafin Gawo tun suna yara. Suna dubansa da tausayi, irin duban da ake yi wa dattijon da hankalinsa ya gushe.

Aka zuro igiya. "Kama, Daudu. Kai kaɗai."

Bai taɓa ta ba. Ya ci gaba da dukan ƙofa har takobin ya karye, ya koma duka da hannu, yana kiran Magajiya, yana kiran Sarki da sunansa na yanka.

Nomau ya ture shi gefe. Kibiya ta ƙare masa, jini na zuba daga goshinsa. Ya ajiye bakansa a ƙasa, ya ɗaga hannuwa biyu, ya ja baya inda na sama za su gan shi sosai.

"Ƙauran Tarfa! Kada ka buɗe mana. Masu rauninmu kawai, ku zuro igiyoyi ku ɗauke su. Mu za mu tsaya a nan mu..."

Ba a san wanda ya saki kibiyar ba. Daga kan ganuwa ta zo, ta shiga ƙasan wuyansa. Nomau ya yi taku ɗaya, ya durƙusa, Galadima ya tare shi kafin ya kai ƙasa. A hannunsa Nomau ya cika.

Gilmawa suka daina harbi. Har baraden Kandala suka ja linzami, suna kallon abin da ba su gane ba.

Jarmai Bagudu ya zo ya tsaya a kan gawar. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ya karya reshen wata sabara da ta tsiro a gindin ganuwa, ya ɗaga shi sama alamar sulhu, ya nufi wajen laimar Maitoka shi kaɗai. Barade suka dare suka ba shi hanya. Galadima yana gani daga nesa ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙe, ya nuna ganuwa da hannu.

A kan ganuwa aka ɓarke da sowa. Muryar Ƙaura ta fi ta kowa. "Kun gani! Kun gani da idonku! Da na buɗe fa?" Mutane suna rungumar juna, ana yi wa Ƙaura kirari, wani har ya kama kiɗan kalangu. Galadima bai taɓa jin murna irin wannan a Tarfa ba, murnar mutanen da aka tabbatar musu ba su yi kuskure ba.

Bagudu ya dawo, bayansa mayaƙan Kandala ɗauke da kwaruruwa cike da kibau suna raba wa Gilmawa. Ya tsaya gaban Galadima.

"Wuyanka namu ne, amma ba na so. Ka shiga gaba kamar yadda ka ce. Kai ba kamar Tarfawa ba ne, tsoho. Tashi ka bi hanyar dutse, ba mai taɓa ka."

Galadima ya kwantar da kan Nomau a ƙasa, ya rufe masa ido. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki guntun takobinsa, ya jingina bayansa da ƙofar da ta ƙi buɗe masa.

"Duk abin da suka yi yau, Jarmai, a bakina suka koya. Ni Batarfe ne."

Bagudu ya dube shi, ya kaɗa kai, ya wuce. Ya yi wa mutanensa magana, suka rataya bakuna a baya, suka tuɓe takalma. Maitoka ya zo da dawaki da masu da lifidi, abu ɗaya ya rasa, wato masu hawan ganuwa. Gilmawa kuwa tun suna rarrafe suke hawan duwatsun da akuya ke tsoro, ganuwar ƙasa mai tsagogi ba ta fi musu matakala ba. Suka bazu a gindinta, kowa yana laluben wurin sa yatsa.

A sama ba a daina kiɗa ba tukuna.